Bahago Mai Firij da 'Yan Rufin Kwano

A layin masu gyara, tsakanin shagon mai walda da na mai batir, akwai wani shago da firij suka cika shi har suka tumbatso bakin titi. Mai shagon siriri ne, furfura ta fara cin gemunsa, kuma babba da yaro Bahago suke ce masa. Matan unguwa sun san shi da kara kunne a jikin firij, ya yi shiru kamar mai sauraron gulma, sannan ya ɗago ya faɗi abin da ke damunsa. Kaɗan ne cikinsu suka san cewa kantar da ke kan yatsunsa na dama ba ƙarfe ne ya yi ta ba. Tsirkiyar jita ce.

Yana saurayi, yana koyon aiki a hannun wani tsoho mai gyaran firij, aka kira su wani gidan cin abinci da ya rufe, su kwashe firiza. Da suka janye firizar daga bango, sai ga wata jar jita ta lantarki a jingine, saƙar gizo ta naɗe ta, rabin tsirkiyoyinta sun tsinke. Mai wurin ya ce wanda ya bar ta ya daɗe bai waiwayo ba, in yana so ya ɗauka. Ya ɗauka. Da ya isa gida ya rungume ta yadda hannunsa ya ga dama, wato a juye, siririyar tsirkiya a sama, mai kauri a ƙasa. Ba wanda ya gaya masa ba haka ake riƙewa ba, domin ba wanda ya sani. Kafin ya gano, yatsunsa sun riga sun saba. Har yau in wani mai jita ya tsaya yana kallon hannunsa, sai ya koma gida da ciwon kai.

Maƙwabcinsa kuma abokinsa tun na wasan ƙasa shi ne Zakara, wanda ke aiki a wurin buga takardu. Sunan ya samo asali ne daga wanka: in ya shiga banɗaki da asuba ya fara waƙa, duk gidan sai ya tashi, har da jariran maƙwabta. Zakara ne ya fara kawo kaset ɗin kiɗan Turawa da ake kira rok, wanda wani direban babbar mota ya ba shi. Suka zauna a bakin gado suna ji, jita na kuka, ganguna na rugugi, wani mutum yana ihu da yaren da ba su sani ba.

Bahago ya ce, "Me yake cewa?"

Zakara ya ce, "Oho. Amma ai ka ji ransa a ɓace yake. Mu ma namu a ɓace yake. Sai mu faɗa da namu bakin."

Mai ganga bai yi wuyar samu ba. Akwai wani tela a bayan kasuwa wanda ba ya iya zama shiru. In ba ya taka keke, to yana buga almakashi a kan tebur. Zakara ya ce ƙafar da ta shekara da shekaru tana taka keken ɗinki ba za ta gaji da taka babbar ganga ba, kuma haka aka yi. Suka samo masa tsofaffin gangunan wata ƙungiyar otal da ta watse, Bahago ya liƙe abin da ya tsage, Tela ya ɗinka musu riguna don kada ƙura ta ci su.

Tsohon da ke koya wa Bahago aiki ya ba su ɗakin bayan shago, inda ake jibge firij ɗin da suka mutu murus, da sharaɗin sai an tashi aiki ko ranar hutu. Suka manna kwalayen ƙwai a bango don rage ƙara, suka mai da wani mataccen firij ma'ajiyar wayoyi. Rufin ɗakin na kwano ne, ba silin. Da rana ya gasa su, da damina ruwa ya yi ta dukansa har ba sa jin junansu. Da aka zo neman suna, Tela ya ɗaga kai ya ce ai wanda ya fi kowa ƙara a ɗakin nan shi ya cancanci sunan. Suka zama Rufin Kwano.

Wata ranar hutu ƙanwar Tela, wadda ke karatun aikin jinya, ta zo karɓar makullin gida. Ta tsaya a bakin ƙofa da littattafanta a ƙirji har suka kai ƙarshen waƙa.

Ta ce, "Kiɗan nan naku a sama kawai yake yawo. Ba abin da ya riƙe shi a ƙasa."

Zakara ya nuna wata jitar bes da suka aro, mai kaurin amo, wadda suka rasa mai kaɗa ta. "To, zo ki riƙe shi."

Tela ya ce, "Kai, rufa min asiri! Tsohuwarmu za ta yanka ni."

Ta ajiye littattafan a kan firiza ta rataya jitar. Tsohuwar ba ta yanka kowa ba, ta dai yi wata guda ba ta amsa gaisuwar Tela. Tun kafin yarinyar ta gama makaranta suke ce mata Nas, sunan ya bi ta.

Wahala kam sun sha ta. Garin ba ya son irin kiɗansu, kuma bai ɓoye ba. Masu ɗakunan taro suna jin rabin waƙa su ce za a neme su. Wani abokin Tela ya gayyace su bikinsa don zumunci, suna tsakiyar waƙa ta biyu gwaggon amarya ta taso da kanta ta zare wayar lantarki, ta ce, "Biki aka ce mana ko gobara?" Kayansu a kura suke turawa zuwa duk inda za su yi wasa, Nas na gaba tana kore awaki da masu keke. Inna, mahaifiyar Bahago, kullum in ya dawo sai ta ce, "An dawo daga fasa kwanukan?" Amma tana ajiye masa abincinsa a rufe.

Akwai wata yamma da Bahago bai taɓa mantawa ba. A zauren wata makarantar koyon sana'a ne, ɗalibai sun cika, rabinsu sun zo ne don su yi dariya. Suna cikin waƙar da Zakara ya yi wa mahaifinsa, wanda ya yi aikin masaƙa har injin ya cinye masa ji, sai wuta ta ɗauke. Jita ta mutu, bes ta mutu, makirfo ya mutu. Tela bai tsaya ba, domin shi ba ruwansa da lantarki. Zakara ya ajiye makirfon, ya tako har bakin dandamali, ya ci gaba da muryarsa tsagwaronta. Muryar ta cika zauren, ta kai har layin baya inda 'yan dariyar suke, ta rufe musu baki. Bahago yana tsaye da matacciyar jita a hannu. A ransa ya ce, in dai da wannan mutumin ne, ko bangon duniya za su je.

Bayan wannan suka naɗi kaset nasu na kansu a ɗakin kwano, da rikodar aro. Zakara ya buga bangon kaset ɗin da ragowar takarda a wurin aikinsu, Tela ya jera su a shagonsa kusa da kwalbar maɓallai. Ba su tafi da sauri ba, amma sun tafi. Makanikai suka fara sa shi a gareji, ɗalibai suna kwafa wa juna. Wani mai gabatar da shiri a rediyo ya sa waƙa ɗaya, sau ɗaya, Inna ta ji, ta ce, "Ashe kwanukan har rediyo suna zuwa."

Rediyon ne ya jawo musu mutumin wani kamfanin waƙa. Ya zo daga babban birni da kwat da ƙamshin turare, ya tsaya a gefen filin ƙwallo inda suka yi wasa, ya jira aka watse, ya ja Zakara gefe. Kwanaki suka wuce Zakara bai ce komai ba, sai dai ya rage surutu, abin da ba halinsa ba ne. Wata rana da hantsi ya zo shago, ya tarar da Bahago a tsugune yana liƙe bututun tagulla a bayan wani firij.

Ya ce, "Mutumin nan ya ce in bi shi."

Bahago ya kashe wutar walda. "Yaushe za mu tafi?"

Zakara ya dubi ƙasa. "Ni kaɗai ya ce. Wai suna da makaɗansu. Wai murya yake so."

"Mu kuma fa?"

"Ya ce ku hayaniya ne."

Bahago ya yi dariya, irin wadda ba ta wuce haƙora. Ya so ya ce kada ka tafi. Ya so ya tuna masa zauren makarantar nan. Amma ya san ɗakin da Zakara ke kwana da ƙannensa, ya san mahaifinsa na zaune a gida ba aiki ba ji. Sai ya ce, "Tafi mana. Wa ke ƙin ruwa a lokacin ƙishi?"

Su ukun suka raka shi tasha da sassafe. Tela ya ɗinka masa riga, ya miƙa masa ba tare da ya dube shi ba. Da mota ta fara motsi, Zakara ya leƙo ta taga ya ce, "Da na samu wurin zama zan aiko ku taho. Wallahi zan aiko."

Saƙon farko ya zo, na biyu ya zo, gaisuwa ce da labarin dogayen gine-gine. Daga nan sai shiru.

Suka shiga neman mawaƙi. Sun gwada wani wanzami mai zaƙin murya, amma shi sai an kafa masa madubi yana kallon kansa yake iya waƙa. Sun gwada wani ɗalibi da ya ɗauka ihu shi ne rok, kafin mako ya fita muryarsa ta dishe. Sun gwada wani malamin makaranta da ya ɓata yamma guda yana gyara musu kalmomin waƙa. Kowanne ya tafi, Bahago sai ya girgiza kai ya ce, "Ba haka yake ɗauko ta ba."

Ran nan Tela ya jefar da sandunansa ya ce, "To ai ba shi ba ne! Ka nemo mana wanda uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, murya ɗaya, sai mu huta."

Daga ƙarshe suka bar nema. Suka ci gaba su uku, kiɗa ba waƙa. Inda murya ya kamata ta shiga, jitar Bahago ke shiga. Masu zuwa kallonsu suka ragu har ana iya gaisawa da kowa da hannu kafin a fara.

Zakara kuwa ya yi suna, amma ba da irin waƙarsu ba. An sa masa kaya masu walƙiya, an ba shi waƙoƙin soyayya masu sanyi, an yi masa kiɗan inji mai santsi. Shekara biyu ko uku ba tashar da ba ta sa shi. Sannan wasu sababbi suka fito, aka daina jinsa. Wata rana Bahago yana durƙushe a kicin ɗin wata mata, kansa a bayan firij, sai ya ji muryar daga rediyon da ke kan taga. Tallar sabulu ce. Muryar nan da ta cika zaure ba makirfo, ita ce ke rantsuwa cewa sabulun yana fitar da maiƙo. Bahago bai motsa ba har tallar ta ƙare. Matar gidan ta leƙo ta ga yana share ido da bayan hannu.

Ta ce, "Lafiya, mai gyara?"

Ya ce, "Gas ne ya shiga idona, Hajiya."

Rayuwa ba ta tsaya jiran kowa ba. Tsohon maigidansa ya gaji ya koma wurin 'ya'yansa, ya bar masa shagon. Bahago ya nemi auren Nas, bayan ya shafe shekaru yana raka ta bakin asibiti da sunan wai hanyarsu ɗaya, alhali shagonsa na gabas asibitin na yamma. Tela ya ce ya yarda, amma daga ranar sai an riƙa ce masa Yaya, ko a kan dandamali ne. Nas ta ci gaba da kaɗa bes har cikinta ya tsufa, jitar na zaune a kan cikin kamar a kan tebur. Da ta haifi tagwaye, Tela ya ce ba mamaki, ƙarar ce ta raba jaririn gida biyu.

Nas ce ta faɗa wa Bahago gaskiya. Wata ranar hutu sun gama gwaji, Tela ya fita neman ruwan sanyi, tana naɗe waya a gwiwar hannunta, ta ce, "Baban 'yan biyu, ka san me jitarka take yi kuwa?"

"Me take yi?"

"Kwaikwayonsa take yi. Har inda yake jan numfashi kana tsayawa ka ja masa. Shekara nawa ke nan muna yi wa wanda ba ya nan kiɗa?"

Bahago ya jingine jitar a jikin firiza.

Ta ce, "Ina jin ka kana waƙa in kana wa yara wanka. Ka yi ta a nan."

"Da wannan muryar? Kamar ana jan tebur a kan siminti?"

"Rashin uwa ake uwar ɗaki. Kuma ni ban ce ka yi tasa ba. Taka na ce."

Ya ɗauki watanni kafin ya yarda ya tsaya gaban makirfo, kuma ranar farko bango ya juya yana kallo. Muryarsa ƙasa-ƙasa ce, mai kaushi, ba ta hawa inda ta Zakara ke hawa. Tsofaffin waƙoƙin suka ƙi shi, sai ya fara yin sababbi daidai wuyansa. Ya yi waƙar masu jiran mota da safe. Ya yi ta barandar asibiti, daga labaran da Nas ke kawowa gida. Ya yi ta takalman mahaifinsa da suka shekara a bayan ƙofa bayan rasuwarsa ba wanda ya iya ɗauke su. A daidai lokacin kunnen Tela na hagu ya fara yi masa ƙugi, likita ya ce ya rage hayaniya ko ya rasa shi gaba ɗaya. Tela ya kwaso ƙyallayen shago ya shimfiɗa a kan fatun gangunan, amonsu ya koma mai taushi, kamar ana buga ƙofa daga nesa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Bes ɗin Nas ta fito gaba, jita ta koma tana magana kaɗan-kaɗan.

Wasu tsofaffin masoyansu suka ce Rufin Kwano sun tsufa, sun zama masu kiɗan zaman makoki. Wasu kuma sababbi suka zo: ma'aikatan jinya bayan sun tashi aiki, direbobi, ɗaliban da suka ji su a waya. Ba su taɓa cika fili ba. Amma wani mai shagon littattafai ya ba su bayan shagonsa duk ƙarshen wata, kuma kujerun ba sa zama wayam. Sau biyu wasu kamfanoni suka yi musu tayi, da sharaɗin a sa musu kiɗan inji a kuma kawo yarinya mai rawa. Tela ya ce shi a shekarunsa ba zai yi takara da inji ba, maganar ta mutu a nan.

Duk da haka, Bahago bai daina waiwaye ba. In suka hau dandamali, a gefen hagu yake tsayawa, ya ja makirfo zuwa wurinsa, tsakiya ta zauna ba kowa. In wani ya yi dariya mai ƙarfi a bakin titi, sai ya ɗago daga aiki ya duba.

Tagwaye sun shiga jami'a lokacin da abin ya faru. Wata yamma Nas ta dawo daga asibiti ba ita kaɗai ba. A bayanta akwai wani mutum mai jiki, kansa ya yi sanƙo, ya naɗe wuyansa da mayafi duk da zafin da ake yi. Ta gan shi ne a barandar asibiti, ya zo duba yayarsa da aka kwantar, ta kama hannun rigarsa ta ce ba inda za shi sai ya biyo ta. Bahago ya dube shi ya ɗauka mai kawo gyara ne. Sai mutumin ya yi murmushi, wushiryarsa ta bayyana.

Sukudireba ta faɗi daga hannun Bahago.

Zakara ya buɗe baki, abin da ya fito raɗa ce, kamar iska na bi ta ƙarƙashin ƙofa. "Bahago. Kana nan dai."

An yi masa aiki a maƙogwaro shekarun baya, an cire wani ƙari, muryar ta tafi tare da shi. Yanzu yana da ɗan shagon kwafin takardu a can birnin, da mata da 'ya'ya. Duk wannan a raɗe ya faɗa, Bahago na matso da kunne.

Aka aika wa Tela. Ya shigo da abin awo a wuya, ya tsaya ya ƙare wa baƙon kallo, ya ce, "Wa nake gani? Mai sabulu?" Ya juya kamar zai fita. Sai kuma ya dawo ya rungume shi, ya yi ta dukan bayansa yana cewa, "Ɗan banza. Ɗan banza kawai."

Suka shiga ɗakin baya. Bahago ya jona wayoyi, ya ɗauko makirfo ya kafa a tsakiya, ya fara kaɗa waƙar masaƙa, wadda ba su taɓa ba tun tafiyarsa. Tela ya shiga, Nas ta shiga. Zakara ya matso, ya kama makirfon yadda ya saba, da hannu biyu, ya rufe ido. Da wurin shigarsa ya zo ya buɗe baki, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, lasifika ta fitar da huci kawai. Ya sake gwadawa. Sannan ya saki makirfon ya yi dariya marar sauti, ya koma ya zauna a kan wata firiza, ya yi musu alama da hannu su yi nasu.

Suka yi masa waƙar takalma. Bahago ya rera ta idonsa a ƙasa. Da suka gama, Zakara ya ɗago kai. Ya yafito Bahago.

Ya ce, "Ina jin ku a waya. A shago nake sawa in ba mutane. Wannan ko ina da murya ba zan iya ta ba. Taka ce."

Bahago ya san yabo ne, kuma ya san daga zuciya ya fito. Amma bai ji sanyin da ya zaci zai ji ba. Ya ce, "Ni ban so ta zama tawa ba. Tamu na so."

Zakara ya gyaɗa kai.

Bahago ya ce, "Ka ce za ka aiko."

"Na ce in na samu wurin zama." Ya taɓa mayafin wuyansa. "Ban samu ba, Bahago. A tsaye na yi shekarun nan duka. Da na ga haka, kunya ta hana ni ko gaisuwa."

Nas ta kawo shayi. Suka zauna a cikin matattun firij suna tuna gwaggon amarya da wanzami mai madubi, wanda Zakara bai san labarinsa ba, ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Bahago ya ce masa ya dawo gida, ga shago kusa da na mai batir za a tashi, garin nan ma ana kwafin takardu. Zakara ya ce yaransa na makaranta a can, matarsa 'yar can ce, amma zai riƙa zuwa. Bayan kwana biyu aka sallami yayarsa, ya koma.

Da Nas ta zo yin ritaya, abokan aikinta suka shirya mata walima a harabar asibiti, suka ce lallai Rufin Kwano su yi wasa. Zakara ya yi alkawarin zuwa. An jera kujeru a ƙarƙashin bishiyoyi, an turo marasa lafiya a keken guragu, wasu na leƙowa ta tagogin bene. Bahago ya yi wasan gaba ɗaya fuskarsa na kallon ƙofar shiga, har Nas ta taka masa ƙafa don ya manta baiti. Zakara bai zo ba. Washegari ya bugo waya ya ce injin shagonsa ne ya lalace, ga aikin jarrabawar wata makaranta a hannunsa. Bahago ya ce ba komai, ai aiki shi ne gaba. Ya ba shi labarin taron tun daga farko har ƙarshe, shi kaɗai yana magana, yana jin numfashin abokinsa a ɗaya gefen.

Har yanzu suna wasa a bayan shagon littattafai duk ƙarshen wata. Yatsun Bahago sun fara ciwo in an yi sanyi, Tela kuma sai an maimaita masa magana. Kwanan baya Bahago ya kawo sabuwar waƙa. Tana farawa da ƙarfi kamar na da, sannan a tsakiya komai ya sauka: ganga ta koma shafa, jita ta ɗauke, bes kaɗai ke tafiya a hankali, ƙasa-ƙasa, har mutum zai iya jin motsin kujera a layin baya. A wurin ba a rera komai. Masu sauraro sun ɗauka sabon salo ne, wasu har suna rufe ido.

Tela ya yi ƙorafi ranar da suka fara gwada ta. Ya ce, "Wannan ramin na tsakiya na mene ne? Shirun ya yi yawa. Ko raɗa mutum ya yi a nan sai an ji shi."

Bahago ya sunkuya yana ɗaure tsirkiya, ya ce, "Haka nake so, Yaya."

Nas ta dubi mijinta, ta gane wanda aka bar wa wurin. Zakara dai ya ce musu a waya in yaransa sun samu hutu zai shigo.